Ajiyar da Na Kai Kansas

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na safe

Jalisa ta turo saƙonta na kullum: "Ina kwana, Koci. Saura kwana tara." Na mayar mata da hoton babban yatsa, na ci gaba da shan kofina.

Kwana taran na ranar sa hannu ne, ranar da 'yar wasa ke sa hannu a takardar jami'ar da za ta ɗauke mata karatu da ɗaki da abinci. Gurbi ɗaya ya rage mana bana a ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a nan Jami'ar Harlan Ridge, kuma shekara biyu ke nan ina ce wa Jalisa Pettaway nata ne. Jiya Koci Brandvold, wanda nake yi wa mataimakiya, ya turo cewa akwai taro yau ƙarfe goma "game da gurbin nan". Gurbin da yake da mai shi ai ba a yi masa taro.

Bari in rubuta yadda aka faro, ko hankalina zai kwanta. A sakandaren Marianna na tsinto ta, can Arkansas. Doguwa ce, ba ta dariya a fili, kuma in ƙwallo ya bugi kwando ya dawo sai ka rantse da sunanta a jikinsa. Makinta na makaranta ne bai kai wanda jami'a ke nema ba. Sai na yi abin da kowa ke yi a sana'ar nan, na kai ta ajiya. Ka samu kocin kwalejin shekara biyu da ka yarda da shi, ka damƙa masa yarinya, ta gyara makinta, ta yi wasa ta ƙara ƙwari. In wata jami'a ta bugo tana tambayarta, ya ce da mai ita. Bayan shekara biyu ya maido maka. Ba takarda, ba shaida. Ni da Wendell Stucky na Kwalejin Cedar Fork a bakin motata muka yi musabaha, iskar Kansas na neman tsige min hula.

Kakarta, Mis Odessa, ita ta rene ta, kuma a kicin ɗinta na zauna na yi alƙawarin. Ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, ba ta iya doguwar tafiya, Cedar Fork kuwa ya fi awa goma daga gidanta. Ta ce, "'Yata, yanzu shekara biyu zan yi ban ga yarinyar nan tana wasa ba?" Na ce, "Biyu kacal, Mis Odessa. Daga nan sai wajenmu, awa biyu a mota. Ni da hannuna zan ajiye muku kujera a layin gaba."

Litinin, ƙarfe 1:15 na rana

Da na shiga ofishinsa na tarar ya rubuta suna biyu a allo. Na Jalisa a ƙasa. Na sama wata yarinya ce daga wata babbar jami'a a Ohio, ta shiga jerin 'yan wasan da ke neman canjin makaranta, wanda mu muke kira kasuwa. Tsawonta ƙafa shida da inci uku.

"Corliss, zauna mana."

"A tsaye ma ina ji."

Ya yi ta bayani yana juya alƙalami. Da ya ja numfashi na ce, "Koci, minti huɗu yarinyar nan take bugawa a wasa. Shekara guda tana ɗumama benci. Jalisa ta buga wasa sittin da uku, ko ɗaya ba a fara babu ita ba."

"Da wa ta buga su? A zauren da mutum arba'in ke kallo, talatin daga ciki iyaye ne? Ita waccan kullum da waɗanda muke gani a talabijin take atisaye. Kuma shekara uku gare ta a gaba, taki biyu."

"Tawa? Da bakinka ka ce in kai ta Kansas."

Bai musa ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce wasa goma sha ɗaya muka ci bana, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma daraktan wasanni sunan da jarida ta sani yake so ya gani. In ya tafi, ni ma na tafi. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ya ƙara ba ni haushi.

"Ban ce ba na son Jalisa ba. 'Yar Ohio za ta zo ganin makaranta ranar sha takwas, tana kuma duba wasu wurare biyu. In ta ƙi mu, Jalisa ce. Ki lallaɓa min ita zuwa lokacin, kada ki faɗa mata komai."

"Ta zama safayar taya ke nan."

"Kowa haka yake yi, Corliss."

Na buga masa ƙofa da na fito, har hoton da ke bango ya karkace. Iyakar jarumtata ke nan yau.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe 6:45 na safe

"Saura kwana takwas." Yatsa.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe 5:30 na yamma

Stucky ya bugo. Tsohon nan shekararsa sittin da takwas, har yau shi ke tuƙa motar 'yan wasansa, kuma ba ya gaisuwa a waya.

"Haygood, wayata ta hana ni sakat. Tunda yarinyar nan ta kwashi ƙwallo ashirin da ɗaya a ƙarƙashin kwando a gasar ƙarshe, jami'a uku suka bugo. Yau Marva Tillery ta Tarrow State ce da kanta. Na ce musu da mai ita, kamar yadda muka yi."

Na ce na gode.

"Takardarku dai ba ta iso ba. Yawanci warhaka ta zo."

Na ce ofis ne, ya san halin 'yan ofis. Ina jin yana tofar da ɓawon 'ya'yan furen sunflower da yake taunawa kamar gyaɗa. Daga nan ya yi min tambaya ɗaya, na ba shi amsa. Duka wayar ba ta kai minti uku ba.

Na wanke motata da na dawo gida, ko da yake shekaranjiya na wanke ta. 'Yar Ohio tana da wurare uku. Ɗaya a Florida ne. Wace yarinya mai hankali ce za ta bar Florida ta zo kudancin Missouri, garin da gidan cin abinci mafi tsada a cikinsa na fankek ne? Ba za ta zo ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe 11:00 na safe

Na zauna da hoton bidiyon wasannin Jalisa, wai in yanko wa Brandvold wuraren da za su juya masa ra'ayi. Na yanko arba'in. Abin da nake so ya gani ba ya cikin ko ɗaya.

Ni ma daga irin wannan kwaleji na fito, wata a arewacin Texas da ko alamar hanya ba ta da ita. Awa shida a ƙaramar bas, ƙafarki a kan jakar wata, ku sauka ku buga, ku ci burodi da yankan nama mai sanyi a mota, ku dawo ku wanke rigunanku da kanku. Yarinyar da ta yi shekara biyu haka, in ta zo jami'a ba ta tambayar dalilin da ya sa ɗakin canza kaya bai da kafet. Shekararta ashirin, jikinta ya gama ginuwa, an taɓa ce mata ba ta isa ba kuma ba ta mutu ba. 'Yar sakandare sai ka yi shekara kana koya mata cewa a nan kowa ya taɓa zama tauraron garinsu. 'Yar kasuwa kuwa sau da yawa da ciwon zuciyarta take zuwa, tana ganin saukowa ta yi. Ita 'yar kwaleji hawa ta yi, kuma ta san da haka. Ka jefa ta fili a watan Nuwamba, ta yi maka aiki.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba dai. Na taɓa kawo wata daga Iowa da ta tattara kayanta kafin Kirsimeti. Wasu suna zuwa da halin wasan kowa ta kansa, don a can kowacce nema take a gan ta. Kuma kafin su gama gane tsarinka, shekara biyun ta ƙare. Brandvold ba wawa ba ne. Tsoro yake ji, ni ma ina ji.

Lamont, mijina, ya dawo daga rabon wasiƙu ya tsaya a kaina yana cin tuffa.

"Wannan ce yarinyar?"

"Ita ce."

"Kai, wannan ai ta fi ki a zamaninki."

"Je ka yi wanka, kana wari."

"Kin kira ta?"

Na ƙara ƙarar bidiyon. Ya tsaya ɗan lokaci sannan ya wuce.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na safe

"Saura biyu, Koci!" Har da hoton wuta. Ban kira ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 4:10 na yamma

Ranar sa hannu.

Jiya na tura wa Jalisa cewa takardar ta maƙale a ofishin tantance maki, za a ɗan yi jinkiri. Na goge saƙon sau huɗu kafin in tura, kamar gyaran kalma zai mayar da shi gaskiya.

Cedar Fork sun sa hotuna a shafinsu. An shimfiɗa wa tebur ƙyalle a tsakiyar zaure, kujera uku. Abokan wasanta biyu suna riƙe da alƙalami, kowacce da hular jami'arta. Jalisa tana tsaye a bayansu tana tafi. Kujera ta ukun ba wanda ya tuna ya ɗauke ta kafin a ɗauki hoton.

Da rana Jalisa ta bugo. Na bar wayar ta yi ƙara har sau biyar kafin in ɗauka.

"Koci, kada ki damu, na san 'yan ofis. Haka suka yi min da takardar lissafi bara. Kaka ce kawai, matan cocinsu sun yi kek koren nan irin launinku, sun rubuta sunana. Na ce su sa a firji."

"Jalisa..."

"Na'am, Koci?"

"Kina cin abinci dai ko?"

Ta yi dariya. "Kamar doki. Koci Stucky ya ce zan talauta kwalejin kafin in tafi."

Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, bakina bai taɓa mutuwa irin na yau ba. Na ji kunyar kaina, kuma kunyar ba ta sa na faɗi gaskiya ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe 6:20 na yamma

'Yar Ohio ta zo da babanta. Wa aka ba aikin zagayawa da su? Ni.

Na so ta zama mai girman kai, mai taunar cingam, mai latsa waya ana yi mata magana. Ina! Yarinya mai ladabi, tana riƙe wa tsofaffi ƙofa, tana tambayar ɗakin karatu ƙarfe nawa ake rufewa. A zaure ta tsaya ta daɗe tana kallon benci, ta ce, "Koci Haygood, ni fa wasa kawai nake so in yi. Na gaji da miƙa wa mutane tawul." Babanta ya kau da kai.

Kuma na yi aikina. Wannan ne abin da ba zan iya gaya wa Lamont ba. Na buɗe baki na tallata mata makarantar nan da duk gwanintar da Allah ya ba ni, don na saba, bakina ya san hanya ko ban biyo shi ba. Har fankek ɗin na yaba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe 1:00 na rana

Ista. Na je coci na zauna a layin baya, na yi addu'a wata yarinya da ba ta yi min komai ba ta zaɓi Florida. Ban sani ba ko ana karɓar irin wannan.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 2:45 na rana

'Yar Ohio ta sa hannu.

An yi ta ihu a ofis. Brandvold ya leƙo ɗakina bayan an watse, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aron gishiri.

"In kina so ni in kira Stucky."

"Ni na kai ta."

"Ki gaya masa duk wanda ya bugo min zan yabe ta. Da gaske nake."

"Yau kwana shida da ranar sa hannu, Koci. Wa ya rage da zai bugo?"

Gobe da asuba zan kama hanya.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe 7:00 na yamma, masauki a Cedar Fork

Awa goma ina tuƙi ina shirya magana. Ko kalma ɗaya ban yi amfani da ita ba.

Stucky na fara gani. Ofishinsa tsohon ɗakin ajiye ƙwallaye ne, ba taga. Da ya gan ni bai tashi ba, bai kuma ce in zauna ba.

"Mutum ba ya tuƙo awa goma don ya kawo takarda. Faɗi."

Na faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofin da yake tofa ɓawo a ciki.

"Ranar goma ga wata na tambaye ki, in ci gaba da korar mutane ko in buɗe ƙofa. Me kika ce min?"

"Na ce ka ci gaba."

To, ga shi na rubuta. Kwana goma sha uku ina zagaye shi a littafin nan.

"Shekara talatin da ɗaya ina karɓar ajiya, Haygood. An sha maido min da yara, wannan ba sabo ba ne, koci ya canja, gurbi ya tafi. Amma ana bugowa a ce, Wendell, sake ta, abin ya lalace. Kalma shida. Ke kika sa na tsaya a ƙofa da bakina ina korar arzikin yarinya."

Ya nuna min hanyar zaure da haɓa.

Tana can ita kaɗai tana jifa, ta sa kujera a gabanta a matsayin mai tsaro. Da ta hango ni ta saki ƙwallo ta rugo ta rungume ni, duk zufa.

"Koci! Da kanki kika kawo? Kai, Kaka za ta..."

Sai ta kalli hannuna. Makullin mota kawai ke ciki.

Muka zauna a benci. Na gaya mata ba tare da kwana-kwana ba, wannan kaɗai na iya yi mata. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta ta sake ɗaurewa.

"Makina ne? Na samu B a lissafi fa."

"Ba makinki ba ne. Ba wasanki ba ne. Duk abin da na ce ki yi kin yi."

"Tun yaushe kika sani?"

"Bakwai ga wata."

Na ga tana lissafi da leɓɓanta.

"Kullum da safe ina turo miki kwanaki. Kina turo min yatsa."

"Na zaci ba za ta zo ba, Jalisa. Na zaci zan gyara kafin ki sani."

"Wata mata daga Nebraska ta tare ni a bakin bas bayan gasa, ta miƙo min katinta. Ko karɓa ban yi ba. Na ce mata ina da koci." Ta ɗauki ƙwallon ta riƙe a cinya. "Har ji nake na yi abin kirki."

Na ce zan buga wa duk wanda na sani, daga yau ba zan huta ba. Ta gyaɗa kai kamar ana gaya mata hasashen yanayi. Da ta miƙe ta ce, "Abu ɗaya. Ke za ki gaya wa Kaka, a gabanta, ba a waya ba. A kicin ɗinta kika faɗa, can za ki je ki warware. Ni ba zan iya ba."

Ta koma ta ci gaba da jifa. Har na kai ƙofa ina jin ƙwallon yana shiga.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe 10:30 na safe

Marva Tillery na fara kira, ko da yake Tarrow State abokan hamayyarmu ne kuma Brandvold zai haɗiyi harshensa in ya ji. Ni da Marva tare muka fara aikin nan, mun sha raba ɗaki ɗaya a wajen gasa don rage tsada.

"Corliss Haygood! Wa ya mutu?"

Na gaya mata. Na kuma shiga yabon Jalisa, yadda take karanta inda ƙwallo zai faɗo, yadda ba ta gajiya, yadda za ta riƙe mata ɗakin 'yan wasa. Ta katse ni.

"Ke, wa kike yi wa talla? Sau uku na tuƙa har Kansas don in kalle ta. Rabin 'yan wasana daga irin kwalejin nan na kwaso su, su suka ci ku sau biyu bana, ko kin manta? Na riƙe mata gurbi har Litinin sha huɗu ga wata, ko tsohon zai sauko. Ya ce Haygood ta ce a'a. Na ba wata."

"Babu ko ɗaya?"

"Ko rabi. 'Yar'uwa, da kin bugo min kin ce, Marva, ina cikin rikici, jira ni mako guda, da na jira. Ba wanda zai ji. Me ya hana ki?"

Na ce ban sani ba. Na sani. Ban so Jalisa ta yi wa Marva wasa ta zo ta ci mu ba, ina kallo daga benci.

Na duba taswira bayan mun ajiye waya, ban san me ya kai ni ba. Daga Marianna zuwa Tarrow State awa ɗaya da rabi. Ya fi mu kusa.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe 5:00 na yamma

Na buga wa jami'a goma sha tara waya. Kowa ya san sunanta, kowa ya ce kash, kowa ya cika. Biyu sun ce ta zo ta biya wa kanta, in ta yi kyau a duba baɗi. Da me?

Wayata ba ta yi ƙara da safe ba. Na farka ƙarfe shida da rabi duk da haka.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe 12:20 na rana

Ban je Marianna ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe 3:40 na yamma

Saƙo daga Stucky, ba gaisuwa: "Ta sa hannu da Elk Prairie, North Dakota. Sun ɗauke mata komai. Kocin tsohon ɗalibina ne. Kada ki bugo."

Ƙaramar jami'a ce, mataki ɗaya ƙasa da mu, amma makaranta ce ta gaske, za ta fito da digiri. Za ta yi musu ɓarna a fili, na tabbata. Na yi murna, Allah ya sani na yi. Na kuma shiga banɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima.

Lamont ya ce ranar Asabar ba ya aiki, zai kai ni. Na ce a'a. Ya cika min tanki ya ajiye makulli a kan tebur.

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na yamma

Na isa Marianna da azahar. Mis Odessa tana zaune a baranda da bargo a ƙafa duk da zafin da ake yi. Ta rame. Hannun da ake sa mata allurar wanki duk ya yi tabo.

"Koci Haygood. Kin ga dama."

"Ina wuni, Mis Odessa."

"Shigo ciki. Na sa an soya tarwaɗa tun safe, yarinyar ta ce yau ko gobe za ki zo. Haka ta ce min makon jiya ma, kifin ya tafi wajen maƙwabta."

Na riƙe mata hannu har kicin. Ta sa na zauna, ta zuba min kifi da burodin masara da ganye, da shayi mai ƙanƙara. Na ce ba na jin yunwa. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Na gaya mata duka, da taron, da wayar Stucky, da amsar da na ba shi, da Marva. Ban rage wa kaina komai ba. Tana saurare tana share teburin da ba shi da datti da gefen hannunta.

"Tun ranar kek na san akwai magana. Yarinyar nan in ta ce min ba komai sau biyu a waya ɗaya, to akwai komai." Ta ɗago ta kalle ni. "Makarantar da ta samu, ta kirki ce?"

"Ta kirki ce. Za su kula da ita. Za ta yi wasa tun ranar farko."

"To, mun gode wa Ubangiji. Awa nawa ne a mota?"

"Sha shida."

"Zuwa kawai?"

"Zuwa kawai. Amma suna nuna wasanninsu a kwamfuta, zan kawo muku, in haɗa muku da talabijin, in..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Na ce su yafe min. Ta ce wannan tsakanina da Jalisa ne, ita tsohuwa ce, ba ta da ƙarfin riƙe mutum a zuciya.

"Kin san wasanta na ƙarshe a sakandare ban kalla har ƙarshe ba? Suna gaba da maki ashirin, ƙafata na ciwo, na ce wa mai kawo ni mu tashi mu riga cunkoson motoci. Saura minti shida. Ta hango ni ina fita, ta ɗago min hannu daga tsakiyar fili. Na ce a raina, ai akwai wasu a gaba."

Ta turo min kwanon kifin, ta ce in ci kafin ya huce. Na ci.